Wuƙa ko Jira: Hukuncin da ke Gaban Mai Sankarar Huhu Mai Tafiyar Hawainiya

Ranar 5 ga watan Afrilu na shekarar 1933, a asibitin Barnes da ke birnin Sen Luwis na ƙasar Amurka, wani likitan fiɗa mai suna Evarts Graham ya buɗe ƙirjin wani ɗan'uwansa likita, James Gilmore, da niyyar ya yanke ɓangaren huhun da sankara ta kama. Amma da ya duba ya ga ciwon ya zauna a inda yankan ɓangare ba zai wadatar ba, sai ya yi abin da ba a taɓa yi wa mai sankara ya tashi ba, watau ya cire huhun hagu ɗungurungum a zama ɗaya. Gilmore ya warke, ya koma bakin aikinsa a Pitsbag, ya ƙara shekara talatin a duniya. Shi kuwa Graham, wanda a 1950 shi da almajirinsa Ernst Wynder suka kafa hujja a kan alaƙar shan taba da wannan ciwo, ikon Allah, sankarar huhun ce ta zama ajalinsa a 1957, alhali majinyacinsa yana nan da rai. Tun daga wancan zamani likitocin ƙirji suka ginu a kan aƙida guda, wadda malami ke danƙa wa ɗalibi ba tare da jayayya ba: in ka ga sankara a huhu, kuma tana yankuwa, to, ka yanke ta da gaggawa, ka kuma yanke da faɗi.

Ba a kan son zuciya aka kafa wannan aƙida ba. Ƙididdigar hukumar binciken sankara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta nuna cewa a shekarar 2022 mutum kusan miliyan 2.5 ne suka kamu da sankarar huhu, wajen miliyan 1.8 kuma suka rasu ta sanadinta, har ba wata sankara da ta kai ta kisa. Dalili kuwa shi ne huhu ba ya kuka da wuri; kafin tari ya ƙi jin magani, kafin a ga jini a majina ko rama ta bayyana, galibi ciwon ya riga ya tsallaka zuwa kaluluwa, ko ƙashi, ko ƙwaƙwalwa. To, in haka ne, yaya aka yi a yau, a manyan asibitocin Japan da Amurka da Turai, likita masani zai dubi hoto, ya gaya wa mutum cewa abin da ke cikin huhunsa mai yiwuwa ne ƙwarai sankara ce, sa'an nan ya ce masa ya koma gida ya dawo baɗi?

Na'urar da ta ga abin da ba a nema ba

Asalin lamarin na'ura ce. Hoton ƙirji irin na da ba ya iya nuna tabo sai ya yi girma da kauri, amma na'urar siti-sikan, wadda ke ɗaukar ƙirji falle-falle, tana ganin ɗigon da bai wuce milimita 3 ko 4 ba. A 1996 likitocin lardin Nagano na Japan suka ɗora irin wannan na'ura a mota suna bin garuruwa suna duba mutane masu lafiya. Daga baya Amurka ta gudanar da babban gwaji a kan mashaya taba 53,454, wanda sakamakonsa ya fito a 2011, ya nuna cewa duba huhu da wannan na'ura ya rage mutuwa ta sankarar huhu da kashi 20 cikin 100 in an gwada da hoton ƙirji na gargajiya. Wani gwajin na Holan da Beljiyam, da ya fito a 2020, ya sami ragin kashi 24 cikin 100 a tsakanin maza. Wannan alheri ne babba, ba mai musunsa. Sai dai tare da alherin wata wahala ta zo, domin a gwajin Amurka kusan ɗaya cikin kowane hoto huɗu ya nuna wani abin tuhuma, kuma fiye da kashi 95 cikin 100 na waɗannan abubuwa daga baya aka tabbatar ba sankara ba ne. Ban da masu zuwa gwaji da gangan, akwai ɗimbin waɗanda aka ɗauka hoto saboda haɗarin mota, ko ciwon zuciya, ko cutar korona, sai ga tabo ya bayyana a gefen hoton ba tare da kowa ya neme shi ba.

Masu karatun hoto sun kasa waɗannan tabo gida uku. Akwai mai ƙarfi, wanda ya toshe wurinsa fari fat ba a ganin kome ta cikinsa. Akwai wanda yake dishi-dishi kamar hazon hunturu, ana hango jijiyoyin jini da hanyoyin iska ta bayansa yadda ake hango bishiyoyi da safiyar sanyi. Akwai kuma mai haɗe da biyun, hazo a gefe, ƙarfi a tsakiya. Duk maganar jira da za a yi a wannan rahoto a kan mai hazon nan take, da kuma mai haɗin da ƙarfinsa bai kai ya kawo ba. Wanda ya ɗauke ta ya ɗora a kan tabo mai ƙarfi ya ɗauki hukuncin wata mas'ala ya kai wata.

Bambancinsu a tafiya ya fi bambancinsu a kama. Likitocin da suka bi sankarorin da aka gano a Nagano sun wallafa a shekarar 2000 cewa, a matsakaici, tabo mai ƙarfi yana ninka jikinsa cikin kwana 149, mai haɗi cikin kwana 457, mai hazo zalla kuwa sai ya ɗauki kwana 813. Ya kamata mai karatu ya dakata a kan wannan lissafi, domin ninkin jiki ba ninkin faɗi ba ne: abu mai siffar ƙwallo in ya ninka jikinsa, faɗinsa kashi ɗaya cikin huɗu kawai yake ƙaruwa. Ke nan tabon hazo mai faɗin milimita 10, bayan shekara biyu da 'yan watanni, bai kai milimita 13 ba, alhali ɗan'uwansa mai ƙarfi a cikin wannan muddar ya ninka fiye da sau biyar, ya kai wajen milimita 35. Suna ɗaya suke amsawa, amma halinsu ya saɓa nesa ba kusa ba. Wani abin kuma, tabon hazo da yawa ba ƙari ba ne sam, kumburi ne na wata 'yar cuta da ta wuce, in aka sake hoto bayan watanni sai a tarar ya ɓace. Wannan ne ya sa matakin farko a kowane hali shi ne a sake dubawa a ga ko yana nan.

Wanda ya dawwama, in aka yanko shi aka sa a madubin likita, sau da yawa abin da ake gani shi ne ƙwayoyin halitta da suka sauya kama suna bin bangon 'yan jakunkunan iska na huhu, ba su huda bangon ba, ba su kuma cika jakar ba, abin da ya sa hoton ke fitowa dishi-dishi. A 2011 manyan ƙungiyoyin likitocin huhu uku suka sake tsara sunayen waɗannan ciwace-ciwace, suka ware wanda bai huda ba ko kaɗan, da wanda hudarsa ba ta wuce milimita 5 ba, suka ce in an cire su warakar kusan ɗari bisa ɗari ce. A 2021 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da na farkon daga jerin cikakkiyar sankara, ta mai da shi cikin abubuwan da ke gabatar ta.

Hujjar masu jira

Hujja mafi ƙarfi ta fito ne a 2015 daga shirin binciken da Dokta Claudia Henschke ke jagoranta daga Niyok. A cikin mutum 57,496 da aka duba, an sami tabon hazo zalla a jikin 2,392 tun a hoton farko, kuma a ƙarshe an tabbatar da sankara a mutum 84, har da waɗanda nasu ya fito daga baya. Dukansu a matakin farko aka same su, tsaka-tsakin jinkirin da aka yi kafin fiɗa wata 19 ne, kuma ba ko ɗaya daga cikinsu da sankarar ta kashe a tsawon shekarun da aka bi su, da wanda aka yi wa da wuri da wanda aka jinkirta. A 2016 wani bincike na asibitoci da dama a Japan, wanda ya bi tabon hazo zalla fiye da dubu na wajen shekara huɗu, ya tarar cewa kamar biyar ne cikin ɗari suka fitar da ƙarfi a tsakiya. A kan irin waɗannan dalilai ƙungiyar Fleischner, ta masana hoton ƙirji, ta ba da shawara a 2017 cewa tabon hazo zalla da bai kai milimita 6 ba ba ya bukatar bibiya ta yau da kullum. Wanda ya kai ko ya wuce, a sake hoto tsakanin wata 6 zuwa 12, sa'an nan duk shekara biyu har a cika biyar. Mai haɗi kuwa a sake bayan wata 3 zuwa 6, in ƙarfinsa bai kai milimita 6 ba a riƙa dubawa kowace shekara, in ya kai ko yana girma to tuhuma ta yi ƙarfi, lokacin jira ya ƙare.

Mai tambaya zai ce, tun da warakar ɗari bisa ɗari ce, me zai hana a yanke kawai kowa ya huta? Amsa ita ce huhu ba ya tofowa. Na dama ɓangare uku ne, na hagu biyu, kuma abin da aka cire ya tafi ke nan. Cire ɓangare guda, ko a ƙwararrun hannaye, yana cin ran mutum ɗaya zuwa biyu cikin ɗari a watan farko, wasu kuma sukan zauna da ciwon haƙarƙari ko haki na tsawon lokaci. Sa'an nan tabon hazo yakan zo da 'yan'uwa, uku ko biyar a huhu biyu, ta yadda wanda ya yi saurin ba da ɓangare saboda tabo marar haɗari yana iya wayar gari ba shi da rarar numfashin da za a yi masa fiɗa ranar da mai haɗarin ya taso. Ba kuma abu ne mai sauƙi a tabbatar kafin a yanka ba, domin ɗebo tsoka da allura ta tsakanin haƙarƙari yana sa iska ta shiga ƙirji huhu ya lotsa a wajen mutum 15 cikin ɗari, kuma allurar tana iya kuskure abin da take nema. Hoton PET, wanda ke kama sankara ta yawan cin sukarinta, sau da yawa ba ya ganin wannan irin, saboda ba ta da ci.

Abin da ya faru a Taiwan ya isa ishara. Matan ƙasar da ke shan taba ba su kai biyar cikin ɗari ba, amma asibitoci suka yawaita tallan duba huhu da rahusa, mutane suka yi ta zuwa. Wani bincike da aka wallafa a 2022, wanda Gilbert Welch na cikin marubutansa, ya nuna cewa daga 2004 zuwa 2018 sankarar matakin farko a tsakanin mata ta tashi daga 2.3 zuwa 14.4 a cikin kowace dubu ɗari, watau ninki shida. Amma mai nisan mataki ba ta ragu ba, daga 18.7 ta koma 19.3, mace-mace kuma daga 17 suka koma 16. Da a ce ciwon da zai yi kisa ne ake tarewa da wuri, lalle da an ga mai nisan mataki ta ragu. Adadin masu kai shekara biyar bayan gano ciwon ya haura daga kashi 18 zuwa 40 cikin 100, abin da ke da daɗin ji a takarda, amma haƙiƙaninsa an ƙara masu lafiya ne a cikin lissafin marasa lafiya. Likitocin ƙasar da yawa ba su yarda da wannan fassara ba, gwamnati ma ta buɗe shirin duba huhu na ƙasa a watan Yulin 2022, har ga marasa shan taba da ke da ciwon a danginsu. Saɓanin yana nan bai kau ba, ko da yake a ganina lambobin nan suna da wuyar turewa.

Inda jira ke zama halaka

Adalci ne a faɗi ɗaya gefen da irin ƙarfin da aka faɗi wannan. Da farko an ƙiyasta cewa kashi 18 cikin 100 na sankarorin da gwajin Amurka ya gano irin waɗanda ba za su taɓa cutar da mai su ba ne, amma da aka ci gaba da bin mutanen fiye da shekara goma, ƙiyasin ya faɗo zuwa wajen kashi 3, sai a nau'in mai hazon nan kaɗai ya tsaya kusa da kashi 80. Ma'ana, mafi yawan abin da na'ura ta kira sankara, in aka ba shi lokaci, zai nuna halinsa. Bincike a rajistar sankara ta jihar Kalifoniya da aka wallafa a 2007 ya tarar cewa masu ciwon a matakin farko da ba a yi musu magani ba, waɗanda suka kai shekara biyar ba su cika ɗaya cikin goma ba. Saboda haka mutumin da tabonsa ke da ƙarfi, ko ƙarfin tsakiyarsa ke ƙaruwa daga hoto zuwa hoto, ba shi da rabo a wannan rangwame ko kaɗan, kuma duk wanda ya ce masa ya jira bai yi masa nasiha ba.

Ita wuƙar ma ta sauya. Tun 1995, bayan wani gwaji da ya nuna ciwon ya fi dawowa in an yanki kaɗan, cire ɓangare sukutum shi ne ƙa'ida. Amma a 2022 Japanawa suka fito da gwajin mutum 1,106 masu ƙarin da bai wuce santimita 2 ba, inda waɗanda aka cire wa yanki ƙarami kashi 94.3 cikin 100 suka kai shekara biyar, waɗanda aka cire wa ɓangare kuwa kashi 91.1, kuma a 2023 wani gwajin da Amurkawa suka jagoranta ya ƙarfafa cewa ƙaramin yanka bai gaza babba ba. Yanzu galibi ta 'yan ƙananan huji ake aikin da kyamara, tsofaffi da masu raunin zuciya kuma akwai gashi da haske mai ƙarfi wanda ake saitawa daidai kan ƙarin, a gama cikin zama uku zuwa biyar. Gwargwadon yadda fiɗa ke sauƙaƙa, haka hujjar jira ke raguwa ga wasu mutane. Dattijo mai shekara 80 da ciwon zuciya da tabon hazo na milimita 12, mafi rinjayen zato wani abin ne zai riga tabon. Mace mai shekara 45 kuwa tana da shekaru masu yawa a gabanta da tabon zai iya juyawa a cikinsu, ga kuma hasken na'ura da za ta yi ta sha, to, ƙaramar fiɗa sau ɗaya tana iya fi mata. Ƙungiyar gwaje-gwajen sankara ta Japan tana gudanar da bincike na musamman a kan jiran, domin a san iyakarsa da yaƙini maimakon ƙiyasi.

Akwai kuma nauyin da ma'auni ba ya ɗauka, watau zuciya. Wani in aka ce masa akwai abu a huhunsa, barci ya ƙaurace masa ke nan har ranar hoto na gaba, kowane tari ya zama masa sanarwar ajali. Irin wannan in ya zaɓi a cire, bayan an bayyana masa gaskiyar haɗarin kowane gefe, ba za a zarge shi ba. Sai dai tsoron da yawa daga sunan yake zuwa, kuma yana raguwa in likita ya zauna ya nuna wa mutum hoton bara da na bana gefe da gefe ya ga abin bai motsa ba. An ga haka a wasu gaɓoɓin: asibitin Kuma na birnin Kobe ya fara bibiyar ƙananan sankarorin ƙwayar tayirod da ke wuya ba tare da fiɗa ba tun 1993, abin da a lokacin ake ganin ganganci ne, yau kuma ya shiga littattafan koyarwa, kamar yadda bibiyar sankarar mafitsara ta maza mai sauƙin hali ta zama al'ada. Malaman fiƙihu sun daɗe da tabbatar da cewa in cuta biyu suka haɗu ba makawa, mafi sauƙinsu ake ɗauka, kuma wannan mas'ala ba ta fita daga wannan babi ba. Wahalarta kawai ita ce cutar gaggawa ɓoyayya ce, domin wanda aka yanka ba bisa larura ba godiya yake yi har abada, yana zaton an ceci ransa.

Sharaɗin da bai kamata a manta ba

Duk sakamakon alherin da aka ambata a sama na mutanen da aka jira da su ne ana dubawa, da na'ura mai yanka hoto siriri, da mai karatun da ke ajiye tsohon hoto kusa da sabo yana aunawa da milimita. Jiran da likitoci ke nufi alkawari ne mai ranaku, ba sallama ba ce. A nan ne lamarin ya shafe mu kai tsaye, domin 'yan'uwanmu da dama suna zuwa Masar ko Indiya ko Saudiyya a duba lafiyarsu gaba ɗaya, a dawo da takarda mai cewa an ga tabo a huhu, sa'an nan ɗayan biyu ya faru: ko dai a firgita a sayar da gona a koma a yi fiɗar da ba ta wajaba ba, ko kuwa a jefa takardar a akwati a ce an bar wa Allah, alhali tawakkali bai taɓa kore riƙo da sababi ba. Ga kuma tarin fuka, wanda ya yawaita a ƙasashenmu, yana barin tabo a huhu da ke rikita mai karatun hoto, kamar yadda a ɗaya gefen ake samun mai sankara ta ainihi yana shan maganin tibi wata da watanni ba tare da an ga ƙwayar cutar a majinarsa ba. Mutumin da ya san tsakaninsa da Allah ba zai iya komawa hoto a kan lokaci ba, saboda nisa ko rashin abin hannu, wajibi ne ya faɗa wa likitansa tun farko, domin wannan kaɗai yana iya karkatar da hukunci zuwa ga fiɗa.

Saboda haka, ya kai wanda aka miƙa wa irin wannan takarda, ko aka miƙa wa mahaifinka ko maiɗakinka, kada ka bar gaban likita sai ya gaya maka ko tabon mai hazo ne ko mai ƙarfi, da faɗin ƙarfinsa a milimita in akwai, ya kuma rubuta maka watan da za ka dawo. Ka karɓi faifan hoton kansa, ba rahoton kaɗai ba, ka adana shi inda kake adana takardun gida, domin in babu shi, hoton baɗi ba shi da abin da za a gwada shi da shi. In kana shan taba, ka bari tun yau.